Tsakanin Aji da Fili: Abin da Ɗan Wasa Zai Duba Kafin Ya Zaɓi Jami'a a Amurka

A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a can kuma ya koyi ƙwallon kwando a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Da tafiya karatu ta zo, bai samu ɗaya daga cikin manyan jami'o'in da ake nuna wasanninsu a talabijin ba. Wata kwalejin shekara biyu ya shiga a garin Bismarck na jihar Dakota ta Arewa, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni. Daga nan ya koma wata jami'a a jihar Montana, ya yi zango ɗaya ya bar ta, ya wuce Turai yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi. Bai taɓa buga wasa a gasar NBA ba, amma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors a shekarar 2019 da ta ɗauki kofin gasar.

Hakeem Olajuwon daga Legas ya fito. Mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, kuma ɗan ƙwallon hannu, sai a wani bikin wasannin kwalejojin horon malamai da aka yi a Sakkwato ya fara buga kwando a gasa. A 1980 ya sauka a Jami'ar Houston da ke jihar Teksas, a 1984 kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA.

Irin waɗannan labarai ne ke yawo a bakin yaran da ke atisaye da yamma a Kano da Kaduna da Jos da Kumasi. Waɗanda ba a jin labarinsu sun fi yawa: waɗanda suka tafi suka yi shekara biyu a benci, ko kuɗi ya yanke musu a tsakiyar karatu, ko suka dawo da takardar digirin da ba ta buɗe ƙofar kowane ofis. Baiwa tana da nata rabon a wannan bambanci, sa'a ma haka. Amma babban rabo, a ganina, yana wajen zaɓen makaranta, kuma shi ne abin da yaro da iyayensa ke da iko a kai.

Tsarin da za a shiga

A yawancin ƙasashe ƙungiya ce ke ɗaukar yaro mai baiwa ta raine shi, karatu kuwa sai yadda hali ya yi. A Amurka jami'o'i ne ke wannan reno. Filin wasan Jami'ar Michigan yana ɗaukar mutum fiye da 107,000, babu fili mai girmansa a duk nahiyar Afirka. Hukumar da ke kula da mafi yawan wannan harka ita ce NCAA, wadda aka kafa a 1906 bayan mace-macen ɗalibai a wasan zari-ruga irin na Amurkawa sun tayar da hankalin ƙasar. Yau tana da makarantu kimanin 1,100 da 'yan wasa fiye da rabin miliyan, sama da 20,000 daga cikinsu baƙi ne daga wasu ƙasashe.

Tun 1973 aka raba makarantun hukumar gida uku. Rukuni na ɗaya, mai makarantu kimanin 360, shi ne na kuɗi da talabijin da manyan filaye. Rukuni na biyu yana da kimanin 300, tallafinsa yawanci gutsure ne. Rukuni na uku ya fi kowanne yawan makarantu, amma doka ta hana shi ba da ko sisi saboda wasa. Abin da ɗalibi zai samu a can sai dai saboda ƙoƙarin karatu ko ƙarancin hali. Haka ma jami'o'i takwas da ake kira Ivy League, irin su Harvard da Yale da Princeton: suna rukuni na ɗaya, amma ba sa ba da tallafin wasa, sai su auna ƙarfin iyaye su cike giɓin. Yaron da ke da ƙwaƙwalwa ga kuma ƙafa, wani lokaci irin wannan makaranta ta fi masa sauƙin kuɗi a kan wadda ta yi masa alkawarin rabin tallafin wasa.

A wajen NCAA akwai NAIA mai ƙananan jami'o'i kimanin 250, akwai kuma NJCAA ta kwalejojin shekara biyu. Raina waɗannan kuskure ne. Daga jami'ar NAIA Scottie Pippen ya fito kafin ya ɗauki kofin NBA sau shida tare da Michael Jordan. Jimmy Butler a kwalejin shekara biyu ta garin Tyler ya fara. Ga yaron da sakamakon jarrabawarsa bai kai ba, ko Turancinsa ke buƙatar gyara, ko jikinsa bai gama cika ba, shekara biyun nan dama ce ta shiri a wuri mai sauƙin kuɗi da ƙananan azuzuwa.

Adadi biyu ya kamata kowane gida ya riƙe kafin a ci gaba. NCAA da kanta ta ce kimanin kashi 2 cikin 100 ne na 'yan wasan sakandare a Amurka ke samun tallafin wasa. Cikin waɗanda suka shiga jami'ar kuma, ƙasa da kashi 2 cikin 100 ne ke zama ƙwararrun da ake biya. NBA mutum 60 take ɗauka a zaɓenta na shekara, daga duk duniya.

Me ke cikin takardar tallafin

Idan yaro ya shigo gida da murna ya ce koci ya ba shi sukolashif, tambayar farko ita ce: nawa? Kalmar ɗaya ce, amma abin da ke cikinta ya bambanta ƙwarai. Cikakken tallafi ya ƙunshi kuɗin makaranta da ɗaki da abinci da littattafai da ɗan abin kashewa. Shekara da shekaru irin wannan ya fi samuwa ne a wasanni ƙalilan. A tsohon tsarin rukuni na ɗaya, ƙungiyar kwando ta maza tana da cikakken tallafi 13, ta mata 15. Kocin ƙwallon ƙafa ta maza kuwa kuɗin mutum 9.9 ake ba shi ya raba wa yara kusan talatin, na guje-guje da tsalle-tsalle na maza kuɗin mutum 12.6 ya raba wa fiye da haka.

A watan Yunin 2025 wata alƙaliya a jihar Kalifoniya, Claudia Wilken, ta amince da sulhu a shari'ar da ake kira House. NCAA da manyan rukunonin gasa suka yarda za su biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, aka kuma ba makarantun da suka shiga tsarin damar biyan 'yan wasansu kai tsaye har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Aka cire iyakar yawan tallafi, aka sa iyakar yawan 'yan wasa: 15 a kwando, 28 a ƙwallon ƙafa, 45 a guje-guje. A takarda kowa na iya samun cikakken tallafi ke nan. A zahiri sai abin da aljihun makaranta ya ɗauka, kuma mafi yawan sabon kuɗin zari-ruga da kwandon maza ne ke lashe shi. Ɗan tsere da ɗan ƙwallon ƙafa har gobe gutsure suka fi samu.

A ɗauki makarantar da ke cin dala 50,000 a shekara, wadda ma ba ta cikin masu tsada sosai, don akwai masu haura 80,000. Koci ya ce ya ba da kashi 40 cikin 100. Saura dala 30,000, wato naira miliyan 45 idan ana canjin dala a 1,500, kuma duk shekara har sau huɗu. Makaranta ba za ta fitar da takardar I-20 da ake neman biza da ita ba sai an nuna mata inda wannan ragowar za ta fito. Ga kuɗin rajistar SEVIS dala 350, ga na neman biza dala 185, ga tikitin jirgi, ga inshorar lafiya, ga rigunan sanyi. Akwai wani abin da ke ba ɗalibai baƙi mamaki: kason tallafin da ya shafi ɗaki da abinci ana cire masa haraji na kashi 14 cikin 100. Aiki kuma dokar biza ta taƙaita shi ga cikin makaranta, awa 20 a mako, kuma za mu ga cewa ɗan wasa ba shi da awa ashirin ɗin.

Batun kuɗin talla shi ma yana ruɗar yara. Tun 1 ga Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na da damar cin moriyar sunansa da hotonsa, ya yi talla a biya shi. Amma mai bizar ɗalibi idan ya yi irin wannan aiki a cikin Amurka yana iya karya sharaɗin zamansa. Shi ya sa Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya yi fice a Jami'ar Kentucky, ya jira sai da ƙungiyarsa ta je tsibiran Bahamas a 2022 sannan ya yi tallace-tallacensa. Duk wanda ya yi wa yaro ɗan Afirka lissafin miliyoyin talla ba tare da ya ambaci biza ba, rabin magana ya faɗa.

Sai tsawon alkawarin. Daga 1973 zuwa 2012 tallafin wasa na shekara ɗaya ne, a sabunta ko a ƙi. Yanzu an yarda da na shekaru da yawa, kuma tun watan Agustan 2024 an wajabta wa makarantun rukuni na ɗaya kada su janye tallafi saboda rauni ko don ɗan wasa bai taka rawar da aka zata ba. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai kariyar ba ta bi kowane rukuni ba, kuma kocin da ya gaji da yaro yana da hanyoyin sa shi ya tafi da ƙafarsa. Abin da aka rubuta a takardar da ofishin tallafin ɗalibai ya sa wa hannu shi ne alkawari. Abin da koci ya faɗa a waya ko a WhatsApp, hangen Dala ne, ba shiga birni ba.

Awa ashirin da ba ta tsaya a ashirin ba

Dokar NCAA ta ce a lokacin kakar wasa kada a wuce awa 4 a rana da awa 20 a mako, kuma a ba da hutun kwana ɗaya. Amma lissafin ba ya haɗa tafiya, ba ya haɗa zaman ɗakin jinya, ba ya haɗa atisayen da ake ce wa na ganin dama alhali kowa ya san wanda bai je ba zai ji a jikinsa. Binciken da hukumar ke yi a kai a kai ya nuna 'yan wasan rukuni na ɗaya suna ba wasa fiye da awa 30 a mako, wasu har 40.

Ranar irin wannan ɗalibi tana farawa kafin gari ya waye, a ɗakin ɗaga ƙarfe. Ya yi wanka a gurguje, ya ɗauki abin karyawa a hannu ya nufi lacca, domin duk darussansa an cusa su tsakanin takwas da ɗaya. Ƙarfe biyu an ɗaure masa idon sawu da filasta, yana fili har biyar. Sai kallon bidiyon abokan karawa, sai tsoma ƙafa a ruwan ƙanƙara, sai abincin dare, sai zaman karatun dole a ɗakin da ake rubuta sunan wanda ya shigo da lokacin da ya fita. Ranar Laraba ko Alhamis kuma jirgi. Tun 2024 da jami'o'in gaɓar yamma irin su UCLA da Oregon da Stanford suka koma rukunonin gasar da ke gabas, tafiyar awa biyar a sama don wasa ɗaya ta zama ruwan dare.

A nan burin karatu da na wasa ke karo. Darussan gwaje-gwaje na injiniya da kimiyya da aikin jinya galibi da rana ake yinsu, daidai lokacin atisaye. Ga kuma doka: ɗan wasa sai ya riƙe cikakken nauyin darussa kowane zango, kuma a rukuni na ɗaya sai ya kammala kashi 40 cikin 100 na digirinsa kafin shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. Manufar dokar mai kyau ce, amma tana sa masu ba da shawara a sashen wasanni su tura yara fannonin da ba za su faɗi ba, ko suna so ko ba sa so. Yaro ya tafi da niyyar injiniya, ya tsinci kansa a fannin da rabin 'yan ƙungiyarsu ke ciki.

Inda abin ya kai maƙura shi ne Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill, ɗaya daga cikin masu suna a ƙasar. Rahoton da Kenneth Wainstein, tsohon lauyan gwamnatin tarayya, ya fitar a watan Oktoban 2014 ya nuna cewa tsawon shekara 18 an yi ta ba da darussan da babu aji babu malami, sai takarda ɗaya a miƙa a samu maki mai kyau. Ɗalibai kimanin 3,100 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. An riƙe su a fili, an cuce su a aji.

Haɗa biyun yana yiwuwa, kuma akwai shaidu. Emeka Okafor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya gama digirin harkokin kuɗi a Jami'ar Connecticut cikin shekara uku, a 2004 ɗin da ya ɗauki kofin ƙasa. Myron Rolle ya buga zari-ruga a Jami'ar Jihar Florida, ya samu tallafin Rhodes zuwa Oxford, yau likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne. Dikembe Mutombo kuwa ya isa Georgetown a 1987 da niyyar zama likita, kwando ta ja shi, ya fita a 1991 da digiri a harsuna da diflomasiyya. Likitancin bai yiwu ba, sai daga baya ya gina asibiti a Kinshasa. Iyayen da ke son ɗansu ya zama likita ko lauya su sani cewa a Amurka waɗannan karatu ne da ake shiga bayan an gama digirin farko na shekara huɗu, kuma tallafin wasa ba ya kai mutum can.

Hanyar gane makarantar da ke da gaske ba ta da wuya. NCAA tana wallafa adadin waɗanda ke gama digiri a kowace ƙungiya ta kowace makarantar rukuni na ɗaya, da makin ci gaban karatu wanda idan ya faɗi ƙasa da 930 ake hukunta ƙungiya. Jerin 'yan wasa yana shafin makaranta, sau da yawa har da fannin da kowa ke karanta. A duba: akwai ko mutum ɗaya a ƙungiyar da ke karanta abin da yaron ke so? Idan akwai, a nemi magana da shi. Idan babu, a tambayi koci dalili. Wanda kuma ke da niyyar dawowa Najeriya ya yi bautar ƙasa ya nemi aiki, ya tabbatar makarantar tana da cikakkiyar amincewar hukumomin ilimi, domin sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa.

Koci, da maganar benci

Sunan makaranta yana da daɗin faɗa a unguwa, amma ɗan wasa a fili yake girma. Stephen Curry manyan jami'o'i ba su ba shi tallafi ba, ya tafi Davidson, kwalejin da ɗalibanta ba su wuce dubu biyu ba, aka ba shi ƙwallo tun shekarar farko. A 2009 shi ne na bakwai a zaɓen NBA. Pascal Siakam ɗan Kamaru a Jami'ar Jihar New Mexico ya yi wasa, ba wurin da kyamarori ke zama ba ne, amma ya samu mintuna ya nuna kansa, Toronto ta ɗauke shi na 27 a 2016. Yaro ya ƙirga mutum nawa ke buga gurbinsa a ƙungiyar, kuma 'yan aji nawa ne. Idan akwai uku a gabansa da ba su kusa gamawa ba, ya san inda zai zauna.

A guje-guje kuwa wanda zai tsaya a kanka da agogo ya fi ginin makaranta muhimmanci. Tobi Amusan ta tashi daga Ijebu Ode zuwa Jami'ar Teksas ta El Paso a 2016, inda ta haɗu da Lacena Golding-Clarke, 'yar Jamaika wadda ita ma tsohuwar gwanar tsallake shinge ce. A 2017 Amusan ta zama zakarar NCAA, ranar 24 ga Yulin 2022 kuma ta kafa tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a gudun mita 100 na tsallake shinge. El Paso ba ta cikin jami'o'in da suka fi kuɗi. Tana da kocin da ta san wannan gudun ciki da waje, tana da tarihin karɓar 'yan tseren Najeriya, gari ne kuma mai zafi da bushewa.

Ga ɗan ƙwallon ƙafa maganar ta ɗan bambanta, kuma gara a faɗe ta a fili. Kakar wasan jami'a gajeriya ce, daga Agusta zuwa Disamba, ƙungiyoyin Turai kuma ɗan shekara 18 ko 19 suke nema. Makarantar Right to Dream ta Gana ta nuna hanyoyin biyu. Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima ta Akara, ya wuce Denmark kai tsaye, daga nan Ajax, daga nan Ingila. Abu Danladi ya bi ta karatu zuwa UCLA, aka ɗauke shi na farko a zaɓen gasar ƙwararru ta MLS na 2017. Wanda burinsa Turai ne kaɗai, jami'ar Amurka doguwar hanya ce. Wanda ke son digiri a hannu ƙwallo kuma ta biya masa kuɗinsa, hanya ce mai kyau.

Sai dai koci ba gini ba ne, yana tashi. Duk ƙarshen kaka ana korar wasu, wasu su samu inda ya fi albashi, sabon da ya zo kuma da nasa yaran yake zuwa. Wasan kansa ma ana iya rufe shi: a 2020 Stanford ta sanar da soke wasanni 11, Clemson ta soke guje-gujen maza, sai da aka yi ta ƙorafi da barazanar shari'a suka janye a 2021. Sauya makaranta ya yi sauƙi tun da aka buɗe rumbun masu neman canji a 2018, aka kuma cire iyakar yawan canjin a 2024. Amma dubbai ke shiga rumbun duk shekara, da yawa ba sa samun inda ya fi wanda suka bari, kuma sabuwar makaranta tana iya ƙin karɓar wasu darussan da aka riga aka ci. Saboda haka yaro ya tambayi kansa ko zai iya zama a wannan makaranta idan kocin ya tafi, ko gwiwa ta ƙi.

Yadda ba a ba da 'ya aure sai an bincika asalin manemi da halinsa a wurin waɗanda suka zauna da shi, haka ya kamata a yi wa koci. Waɗanda za su faɗi gaskiya su ne 'yan wasan da suka bar ƙungiyar da waɗanda suka ji rauni a hannunsa, kuma a zamanin Instagram samun su ba wuya.

Sanyi, azumi da tufafi

Ana ɗaukar waɗannan ƙananan abubuwa, alhali su ne ke karya gwiwar yaro a watan Janairu. Wanda iyakar sanyin da ya sani shi ne hunturun Kano, jihohin Minnesota ko Dakota wata duniya ce gare shi. A tambaya ko akwai masallaci a garin, ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ɗakin cin abinci yana da naman halal, da inda ɗalibi baƙo ke kwana idan an rufe ɗakunan kwana lokacin hutun ƙarshen shekara.

Azumi ma abin tambaya ne tun kafin a sa hannu. A 2023 gasar ƙarshe ta kwandon jami'o'i ta faɗo cikin Ramadan. Adama Sanogo ɗan Mali, na Jami'ar Connecticut, ya riƙe azuminsa, ƙungiyarsa ta ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. Ma'aikatan ƙungiyar sun tsara masa sahur da buɗa-baki. Amsar da koci zai bayar a kan azumi tana nuna irin mutumin da yake.

Ga 'yan mata ƙofar ta fi faɗi fiye da yadda iyaye da yawa ke zato. Wata doka ta 1972 ta tilasta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya daidaita damar maza da mata, shi ya sa tallafin mata ke da yawa. Bilqis Abdul-Qaadir ta buga kwando da hijabinta a rukuni na ɗaya, a Jami'ar Memphis sannan a ta Jihar Indiana, tun kafin hukumar kwando ta duniya ta ɗage haramcin rufe kai a 2017.

Takardu, dillalai da biza

Kafin a buga wasa a rukuni na ɗaya ko na biyu sai cibiyar tantancewa ta NCAA ta amince. Tana neman darussa 16 na asali daga shekarun sakandare, Turanci da lissafi da kimiyya da ilimin zamantakewa, da matsakaicin maki 2.3 a rukuni na ɗaya, 2.2 a na biyu. Ana duba sakamakon WAEC ko NECO tare da na makaranta. Tun 2023 NCAA ta daina neman jarrabawar SAT, amma wasu jami'o'in suna nemanta don kansu. Yaron da ya yi sakaci da lissafi a aji huɗu na sakandare don yana ganin ƙafarsa ta ishe shi, tun a nan ya rage wa kansa zaɓi.

Jinkiri ma yana da farashi. A yawancin wasanni shekara ɗaya aka yafe bayan gama sakandare. Wanda ya ci gaba da buga gasa bayanta ana iya rage masa shekarun wasa. Kwantiragi da kuɗin da aka taɓa karɓa daga wata ƙungiya su ma ana tambaya. Enes Kanter ɗan Turkiyya ya shiga Kentucky a 2010 bai buga ko wasa ɗaya ba, saboda ya karɓi fiye da dala 33,000 a kan kuɗin ɗawainiyarsa daga ƙungiyar Fenerbahce. An sassauta wasu ƙa'idojin tun daga lokacin, amma ɓoye gaskiya har yanzu yana jawo kora, haka ma rage shekaru.

Koci a Amurka ba zai zo filin unguwa ba, shaida yake so. Ɗan tsere ya sani cewa lokacin da aka ɗauka da agogon hannu ba ya ƙima. Na na'ura ake so, a gasar da aka auna iska ba ta wuce mita 2 a daƙiƙa ba. Ɗan ƙwallo ya aika gajeren bidiyo da kuma cikakken wasa ɗaya, a ga abin da yake yi idan ƙwallo ba ta ƙafarsa. Adireshin imel na kociyoyi yana shafin makarantunsu, kyauta. Cibiyoyin EducationUSA na Abuja da Legas suna ba da shawara. Babu makarantar kirki da ke karɓar kuɗi ta hannun dillali don ta ba da tallafi. A 2017 aka bankaɗo yadda aka tara yara baƙi, har da 'yan Najeriya, a gidan wani koci a garin Paterson na jihar New Jersey don su buga wa sakandare kwando, takardunsu a birkice. Duk wanda ya ce a ba shi fasfo da miliyoyi zai kai yaro, a nemi sunan makarantar a rubuta mata kai tsaye.

Biza ita ce ƙofar da ta fi ƙunci a yanzu. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga. A Yuli ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya. A Disamba ta sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana gaba ɗaya, ta kuma dakatar da wasu nau'o'in biza ga 'yan Najeriya, har da ta ɗalibai. Irin waɗannan matakai suna sauyawa da siyasa, don haka kafin a kashe ko naira ɗaya a tabbatar da halin da ake ciki daga ofishin jakadanci, a kuma tambayi makarantar ko za ta riƙe gurbin idan biza ta yi jinkiri.

Wannan ya sa duba wasu wurare ya zama dole. Jami'o'in Kanada suna ba da tallafin wasa, kodayake bai cika wuce kuɗin makaranta ba. A Ingila Jami'ar Loughborough ta yi suna wajen haɗa karatu da horo. Ese Brume, mai lambar tagulla a dogon tsalle a gasar Olamfik ta Tokyo, a wata jami'a da ke arewacin tsibirin Saifurus ta yi karatu.

A gida kuma akwai gasar NUGA da jami'o'in Najeriya ke yi tun 1966, ga NIPOGA ta kwalejojin kimiyya da fasaha. Tallafin kuɗi kaɗan ne, yajin aiki irin na wata takwas da aka yi a 2022 yana cin shekarun ƙuruciyar ɗan wasa, amma tambayoyin ba su canja ba. Shin jami'ar tana da fili mai kyau da kocin da ke zuwa kullum? Garin yana da ƙungiyar da yaro zai riƙa bugawa, kamar yadda Kano ke da Pillars a ƙwallon ƙafa da kwando? Idan gasa ta ci karo da gwaji, sashen zai ba shi damar ramawa ko sai ya maimaita darasin? Amsar tambaya ta ƙarshen a ofishin shugaban sashe ake samunta, kuma gara a neme ta kafin a cike sunan makaranta a fom ɗin JAMB.